Tsohuwar Kwamfuta: A Tambaya Kafin A Sa Guduma

 Farashin gero da dawa da shinkafa da albasa shina nan inda kunka saba ganinsa. Nan kuwa wata haja za mu yi magana a kanta, wadda ba a awonta da tiya, kuma mu kanmu da munka yi shekara talatin da ɗoriya a bakin buhu ba mu san haja ce ba sai bara. Ita ce tsohuwar kwamfuta, da 'yan katunan da ke cikin cikinta.

Wani zai ce, mi ya haɗa mai hatsi da kwamfuta? To, ɗiyanmu sunka haɗa mu. Kowa ya san yawan samarin ƙasarga da sunka bar gona, wasu don cin rani, wasu don daji ya ƙi shiguwa, sunka tafi Sakkwato da Kano da Abuja da Legas, sunka kama turin kura suna sayen gwangwan. Jarin da yawa daga cikinsu daga hannunmu yaf fito. In sun yi asara, aljihunmu ne ya yi.

Akwai ɗan ƙanwarmu da ke wagga sana'a a birni. Bara bayan kaka munka kai wake Sakkwato, munka biya ta rumfarsa mu ga yadda jari ke ciki. Munka iske shi da yaransa biyu bisa tulin kwamfutoci, irin fararen nan da tsufa ya mai da su launin man shanu, ya sayo su a gwanjon wani ofishi da ke sake gini. Aikinsu ke nan tun safe. A kwance murfi a jefa wajen ƙarfe, a zare waya a jefa wajen kofa, sa'an nan koren allon nan da suke kira fanel a sa filaya da guduma a gutsure bakinsa mai ruwan zinari, a tara cikin gwangwanin madara, saura a cusa buhu. Muna zaune sai ga wani Bakano mazaunin Legas, wanda ke bin rumfuna shina sayen fanel. Bai ko dubi buhu ba. Yad durƙusa wajen tarkacen da anka fasa shina juya su ɗai ɗai, har yaɗ ɗauko rabin wani kati, yak karanta rubutun jikinsa, yad dafe kai. Yac ce, "Wa ya fasa wannan?" Yaro yac ce shi ne. Yac ce, "Haba ɗan'uwa, da ka bar shi yadda yake, ai shi kaɗai ya fi buhun nan naka biyu." Yaro yad dube mu yac ce, "Kawu, wallahi ban sani ba, mu kilo munka sani."

Abu ɗaya yat tsira a rumfar nan, shi ma don nauyinsa. Allon dannawa ne, wanda suke kira kibod, an ɗora shi bisa rufi an danne leda da shi don iska. Baƙon yas sa anka sauko da shi, yaj juya bayansa, yan nuna mana takarda manne da sunan IBM da ranar da anka ƙera shi. Nan take yab biya kuɗin da ya kai na gero tiya goma, abin da a sikeli ko tiya guda ba zai yi ba. Daga nan munka ce, "Malam, zauna, yau ba ka tashi sai ka karantar da mu." Anka kawo shayi. Abin da munka ji daga bakinsa, da wanda munka sa yaranmu masu karatun boko sunka bincika mana daga baya, shi muka son mu shimfiɗa muku.

Ga yadda munka fahimci abin da harshenmu na masu hatsi. Gero guda ne, amma ba kuɗi guda gare shi ba. Wanda ƙwaro yac ci, mai kaji ka sayensa a wulaƙance. Mai kyau, uwargida ta saya don tuwo da fura. Amma in ruwa ya sauka, manomi ya buɗe rumbu ya iske babu iri, to tiyar nan guda ta irin da ya sani, mai saurin nuna, ko nawa ka ce sai ya biya, don ba ciki zai kai ta ba. Tsohuwar kwamfuta haka take. Akwai kuɗin kilo, shi ne na ɗan gwangwan. Akwai kuɗin mai injin da ke tsaye don wani ɗan abu ya mutu a cikinsa. Akwai kuma kuɗin mai ajiya, wanda ke sonta don ita kanta. Guduma ba ta san na biyu da na uku ba. Da ta sauka an koma na farko, ba kuwa a dawowa.

Su wane ne masu ajiyar nan? Mafi yawansu mutanen Amurka da Ingila da Jamus da Japan ne, waɗanda suna yara kwamfuta taf fara shiga gidaje. Yanzu sun yi furfura, sun yi kuɗi, suna neman abin da sunka yi wasa da shi a ɗakin ubansu. Wasu kuma gidajen tarihi ne. Har taro gare su, wanda anka fara a Kalifoniya a 1997, kowa ya zo da tasa ya kunna a gani, a yi saye da sayarwa. Kada mu yi musu dariya. Wanda ya ga yadda tsohuwa ke riƙon kwallar jerenta, ko dattijo shina goge keken Raleigh da ya daina hawa tun tuni, ya san irin ciwon.

Babbar hajarsu ita ce kwamfutar farko ta kamfanin Apple, wadda Steve Wozniak da Steve Jobs sunka haɗa a 1976. Kimanin 200 kurum anka yi, ana sayar da kowace dala 666 da santi 66, kuma waɗanda anka san suna nan yau ba su kai 100 ba. A watan Oktoba 2014 anka yi gwanjon guda a Niyok, gidan tarihi na Henry Ford yas saye ta dala 905,000. Amma labarin da yaf fi kama da namu shi ne na 2015. Wata mata a Kalifoniya, mijinta ya rasu, tana share ɗakin ajiya tat tattara kwalaye na tarkacen lantarki tak kai wa wani kamfanin gwangwan a garin Milfitas, ba ta bar suna ba, ba ta karɓi rasit ba, tat tafi. Da anka buɗe sai ga irin wagga kwamfuta a ƙarƙashin wayoyi. Sunka sayar da ita dala 200,000, lokacin dala tana wajen Naira 200, wato kusan Naira miliyan 40. Kamfanin yay yi ta cigiyar matar a jarida da talabijin don ya ba ta rabi. Ku duba fa, da yaron rumfarsu irin namu ne, da gwangwanin madara tak ƙare.

To, kada wani ya ji wannan ya sayar da shanunsa. Kwamfuta 200 da anka sayar a Amurka shekara hamsin baya ba za ta ɓullo a Giyawa ba, ba kuma a Kara ba. Abin da ke iya faɗowa hannun ɗiyanmu daban ne, shi ma kuma da dalilinsa. Ban da waɗanda bankuna da jami'o'i da ma'aikatu sunka saya sababbi a zamaninsu, ƙasarga ta sha jibgin kwamfutocin da Turai da Amurka sunka gama da su. A 2005 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Basel Action Network ta bi sawun kayan har Legas, tab ba da labarin cewa kwantena kusan 500 ka sauka kowane wata, kowace da kwamfuta wajen 800, kuma mai yawa a ciki, har kashi 75 cikin 100, ba ya gyaruwa. Abin da Bature ke zubarwa a 2005 kuwa shi ne abin da yas saya a shekarun 1990. Daga Alaba da Ikeja kayan sunka hau mota sunka yo arewa, sunka cika shagunan buga takardu da makarantun koyon kwamfuta. Ragowarsu ke nan cikin sito da bayan ofis ƙura ta rufe. Mafi yawa shara ne, gaskiya ce. Amma cikin sharar akwai abin da masu shi yanzu ke nema su fanshe da dala.

Abin da sunka fi nema ba akwatin ba ne, katin cikinsa ne, kuma ga asalin abin. A watan Agusta 1981, mu muna yara da allo a hannu, kamfanin IBM yaf fitar da kwamfutarsa ta tebur mai lamba 5150 a kan dala 1,565. Samarin yau ba za su yarda ba, amma lokacin Naira ta fi dala ƙarfi, a canjin gwamnati kuɗin bai cika Naira 1,000 ba. Dabarar da sunka yi, sai sunka bar gurbi biyar a cikinta, wanda ke son ƙarin wani abu ya sayo kati ya soka. Kamar dai a sayar maka da kan mota da ƙashinta, kai ka je ka sa bodin da ya dace da kayanka. Sauran kamfanoni sunka kwaikwayi tsarin, har anka yi wajen shekara ashirin sauti katinsa daban, hoto katinsa daban, haɗa kwamfuta da 'yar'uwarta shi ma da nasa. Wasannin da anka tsara a lokacin, da muryar waɗanga katuna anka tsara su, kwamfutar yau ba ta fitar da amon yadda kunnen mai ajiya ya saba ji. Kamfanonin da yawa sun mutu, ba a sake ƙerawa, kullum kuma guduma tana rage waɗanda sunka saura. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke samun farashi in haja tana raguwa masu so ba su ragu ba.

Ga sunayen da baƙonmu yac ce a kiyaye. Wanda bai iya boko ba ya sa yaro ya kwafa masa da manyan baƙaƙe, ya riƙa kwatantawa. A katin sauti akwai AdLib na Kanada, na 1987, da Sound Blaster na kamfanin Creative na Singafo, wanda yaf fara fita a 1989, da Gravis Ultrasound na 1992, shi allonsa ja ne, ba kore ba. In an ga ɗan baƙin dutse a jikin kati da rubutun Yamaha, a ware shi. A katin hoto kuwa sarkinsu 3dfx, ana kiransa Voodoo, yaf fito a 1996, kamfanin yad durƙushe anka sayar da kadarorinsa ga Nvidia a ƙarshen 2000. Shi ne wanda ɗan ƙanwarmu yar raba biyu. Na yau da kullum cikinsu kan kai dala 100 ko fiye in lafiya lau yake, kuma wani na gwaji da bai taɓa shiga kasuwa ba an sayar da shi dala 15,000 a eBay a 2023. Sai dai ba kowane mai wanga suna ne mai tsada ba. Sound Blaster na baya baya sun yi yawa kamar ƙasa, AdLib kuwa har sababbin kwaikwayo ake yi, mai saye ya san bambanci ko kai ba ka sani ba. Shi kuma allon dannawa na IBM, ana ce masa Model M, tun 1985 ake yinsa, wasu a garin Girinok na Sikotilan, nauyinsa wajen kilo biyu don farantin ƙarfe ne a ciki, in ka danna shina ƙara kamar keken rubutu.

Akwai wata da muke so Alhazanmu su duba mana cikin adaka da bayan gado. Sunanta Sakhr, wato dutse da Larabci. Kamfanin Al-Alamiya na Kuwaiti yaf fitar da ita a shekarun 1980, bisa wani tsarin Japan da ake kira MSX, kuma ta cika gidajen Saudiyya da ƙasashen Larabawa. Ba ta da allon kallo nata, da talabijin ake haɗa ta, ana soka mata kaset mai kauri ta sama. Abin da zai sa ku gane ta nan take, baƙaƙen da ke bisa madannanta su ne waɗanga da muke rubuta muku wagga takarda da su, alif da ba da ta, kusa da na boko. Lambarta kan fara da AX, kamar AX-170. Mai kamfanin, Muhammad al-Sharikh, ya rasu a 2024, kuma Larabawan da sunka fara koyon kwamfuta a kanta suna nemanta yau da kasusuwanta. Duk wanda mahaifinsa yay yi zaman Jidda ko Makka a waɗannan shekaru yad dawo da tsaraba irin wagga, kada ya ba yara su yi mota da ita.

Na biyun nan da munka ambata, mai injin da ke tsaye, shi yaf fi kusa da mu, kuma kuɗinsa Naira ne a hannu, ba jiran Bature. Ku dubi masu aikin kwamfuta a wuyan riga da hula. Da yawa daga tsofaffin injinansu, irin su Tajima da Barudan, zanen ta ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu yake shiga, wanda anka sani da disket. Kamfanin Sony, babban mai yinsa, ya daina a 2011. Gwamnatin Japan kanta sai a 2024 tag gama raba aikinta da shi. Haka wasu injinan ɗab'i da na yankan ƙarfe, kwamfutar da ke tuƙa su ta shekarun 1990 ce, da kati irin na da, sabuwa ba ta karɓarsa. Ranar da injin irin wanga ya tsaya gab da salla, ga kayan mutane jibge, mai shi ba tarihi yake nema ba. Saboda haka mazubin disket mai aiki, da kwalin disket da ba a buɗe ba, da fanel mai dogon baƙin gurbi, kada a auna su. A ajiye, a gaya wa masu gyaran injin cewa akwai.

Yaya za a gane mai shekaru? Launin gurbi shi ne farko. Baƙi dogo shi ne tsohon tsari, ana ce masa ISA, shi ake nema. Fari gajere ya biyo baya, mai ruwan ƙasa guda ɗaya na katin hoto ne na ƙarshen shekarun 1990. Sa'an nan a dubi 'yan baƙaƙen duwatsun da ke jikin allo, galibi akwai lamba huɗu a kansu. In an ga 8912, ma'anarta shekarar 89, mako na 12. A gaban akwati kuma, in akwai baki mai faɗi na babban faifai, ko maɓalli mai rubutun Turbo, to a dakata. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta tangaran mai ƙafafun zinari, mai lamba 386 ko 486 ko Pentium Pro, ita ce 'yan narka sunka fi so, ita ce kuma masu ajiya ke kuka a kanta. Kafin a ba mai narka, a tambayi kuɗinta da ƙafafunta a miƙe.

Kuskuren da yaf fi yawa bayan guduma shi ne gaggawar jonawa a wuta a ga ko tana yi. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 110 zuwa 120, kuma a bayan akwatunan da yawa akwai ɗan jan maɓalli na zaɓi. In shina kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi, ciniki ya ƙare. Ko maɓallin daidai yake, abin da yay yi shekara talatin bai sha wuta ba akwai 'yan kayan cikinsa da kan fashe. A bar wa mai gyara ya duba. Abu ɗaya munka ji ya kamata a yi da wuri: a fanel na zamanin 386 da 486 akwai ɗan batiri mai siffar ganga, shuɗi ko kore, shina yoyon wani gishiri da ke cin hanyoyin tagulla a hankali, kamar yadda gara ke cin rumbu ta ƙasa kai kana ganin jinka lafiya. A sa mai gyaran rediyo ya cire shi. Kada a wanke da omo, kada a shafa fenti don ya yi kyau, mai ajiya ya fi son tsufansa da kwaskwarimarka. Kwali da littafi da faifan da anka sayo abu da su, in suna nan, suna ƙara kuɗi ƙwarai. Kuma a nan Allah ya ba mu abin da Legas ba ta da shi, wato bushewa. Ƙurar hunturu burushi ke fitar da ita, tsatsar bakin teku kuwa ba ta da magani. A ɗaga kaya daga ƙasa kurum, a tsare yoyon damina da fitsarin ɓera.

Yanzu ga ɗaya gefen, don kada a ce mun zuga mutane. Da labarin allon dannawar nan yab bazu, wani dillalin albasa da munka sani yaɗ ɗauki uwar kuɗinsa, lokacin da ya kamata ya yi ajiyar albasa, yab bi makarantu da shaguna shina saye duk abin da anka kira tsohuwar kwamfuta, har yac cika ɗaki. Da anka kira masani yad duba, kusan duka Pentium 4 ne na bayan 2000, irin da anka ƙera miliyoyi, da manyan allunan kallo masu doro waɗanda kuɗin ɗaukarsu ya fi kuɗinsu. A ƙarshe sikelin da yag guje shi yak koma wa, albasa kuwa tat tashi ba shi da ko buhu. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, sai an haɗa da ƙaranci da mai so. Kuma duk inda anka ce tsohon abu ya yi kuɗi, 'yan damfara na nan tafe. Mun ga zamanin da anka yi ta farautar dutsen guga mai zakara. A Saudiyya a 2009 anka yi ta rububin tsohon keken ɗinki na Singer, wai akwai jan makuri a ciki, mutane sunka zuba dubban riyal a kan ƙarya. Wanda yaz zo maka da maganar wani sinadari a cikin kwamfuta, ko yac ce ka ba da kuɗin gwaji kafin Bature ya zo, ka sallame shi tun a zaure.

Hanyar sayarwa kuwa, mu faɗi gaskiya, doguwa ce. Mai saye na ƙarshe shina ƙetare, bai san ka ba, ba ya biya sai ya ga hoto gaba da baya da shaidar abu shina aiki, kuɗin aikawa kuma da nauyi ake lissafa shi. Shi yas sa kati ya fi akwati, don kati ambulan ke ɗaukarsa. Ɗan Giyawa ba zai tsallake 'yan tsakiya na Kano da Ikeja ba, ba kuma laifi ne su ci nasu ba, mu ma la'ada muke ci. Abin da muke cewa, a san abin da ke hannu kafin a buɗe baki. Yaro ya ɗauki hoton rubutun jikin kati da waya, ya nemi sunan a eBay, ya dubi kuɗin da anka riga anka saya, ba wanda mai kaya ya rubuta shina fata ba, don tayi ba ciniki ba ne. A nuna wa mutum biyu ko uku kafin a sallama. Wagga hanya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tun shekarun 1970 fatakenmu ke bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin duwatsun wuya da sassaƙe, suna kai wa Turawa a Abijan, wasu har Niyok. Wanda yas san sunan dutse da shekarunsa shi yay yi gida, wanda yas sayar a kwano kuwa ya samu na goro.

Sai maganar takarda, wadda ba a wasa da ita. Kwamfutar ofis da ta makaranta da ta asibiti kayan hukuma ne ko ta mutu, maigadi ko masinja ba shi da ikon sayar da ita. In ba takardar gwanjo, a bar ta. Sana'ar gwangwan ta riga ta yi baƙin jini saboda ɓata-gari. Gwamnatin Borno ta hana ta a 2023, hukumar Abuja ma ta hana 'yan bola yawo cikin birni a watan Janairu 2025, ba ma son ɗiyanmu su kwana a caji ofis kan katin da bai kai tafin hannu ba. Kuma cikin kowace kwamfuta akwai rumbunta, inda take ajiye rubutu, sau da yawa da sunayen mutane da albashinsu da sirrin rashin lafiyarsu. A sa a goge kafin ya fita hannu.

Wanda ya tabbata shara ne kuwa, a sayar da shi ɗungum ga masu kilo, kada a kawo shi cikin gida a fasa. Gilashin allo mai doro da dalma anka haɗa shi, lalurar da ke riƙe kayan fanel ita ma dalma ce, hayaƙin wayar da ake ƙonawa don kofa kuwa ƙirji yake zama. Ba mu manta abin da yaf faru ga maƙwabtanmu na Zamfara a 2010 ba, inda niƙan dutsen zinari a tsakar gida yak kashe yara fiye da 400 da gubar dalma a ƙasar Anka da Bukkuyum. Zinarin bakin kati shafe ne kurum, bai kai kaurin fatar albasa ba.

Shi ɗan ƙanwar tamu yanzu akwatin ƙarfe gare shi a ƙarƙashin benci, da takardar sunayen nan manne a murfi. Kowace kwamfuta ta shigo sai ya buɗe ya dubi launin gurbi kafin yara su taɓa. Cikin wata bakwai abin da ya ware bai cika akwatin ba: katin sauti huɗu, mazubin disket shida, da ƙwaƙwalwar tangaran guda biyu. Mazubin uku wani mai gyaran injin aikin riga ya saye su ana saura mako biyu salla. Katunan suna nan, an naɗe kowane cikin takarda, Bakanon ya yi tayi ta waya, yaro ya ce albarka.